Bulo Goma Sha Biyu a Bayan Katanga

Shekara goma sha tara ina kan injin matse bulo a ɗakin gwajin kayan gini na wata makaranta a Maiduguri. Ban yi jami'a ba, lissafin da na iya a bakin injin na koye shi. Aikin ba wuya. A ɗora bulo, ƙarfe ya danne shi har ya fashe, allura ta nuna nauyin da ya iya ɗauka, in rubuta. In an gama a tara lambobin a raba, a fitar da matsakaici, in sa hannu a ƙasa.

Pindar ɗalibi ne mai neman digiri na biyu. Bincikensa shi ne rage siminti a cike gurbin da tokar ƙaiƙayin shinkafa. Ya buga bulo talatin a gabana, muka jiƙa su kwana ashirin da takwas. Kawunsa Wilson, mai gidan bulo a unguwar Ajilari, yana jiran sakamakon, don da wannan haɗin zai sake gina azuzuwan wata makarantar yara da ambaliya ta rushe.

Ranar gwaji Pindar ya turo baro da bulo goma sha takwas, ya gaishe ni da Barbarci.

"Wushe, Baba Babakura. Ga su nan."

"Ina sauran?"

"Waɗannan ma sun isa. Dakta mai duba aikina ya ce sha takwas adadi ne mai kyau."

Na matse su. Duk sun yi ƙarfi, lambobin kusa da juna kamar 'yan gida ɗaya. Abin da ya dame ni ke nan. Bulon da aka buga da hannu ba ya jituwa haka. Na ce ya dawo gobe ya karɓi takardar.

Da azahar na zaga bayan katanga wurin Yagana mai ƙosai. Kaskonta na kan bulo uku, masu saye na zaune a kan tara. Kowanne da lambar da na rubuta masa da jan fenti.

"Wa ya ba ki waɗannan?"

"Ɗalibinku mai gilashi. Na ga yana ƙwanƙwasa su da ƙusa ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne kamar mai sayen kankana. Wanda ya yi ƙara ya sa a baro, wanda ya yi shiru ya ce in ɗauka."

Raina ya ɓaci har ƙosan ya fita kaina. Wanda ya ƙirƙiri lambar ƙarya ya san shi maƙaryaci ne. Wannan kuwa zai rantse duk lambobinsa daga inji suka fito, kuma bai yi ƙarya ba. Wannan ya fi ƙazanta.

Na tayar da masu zama na kwashe taran. Ukun da wuta ta taɓa na bar mata, gwajinsu ya lalace. Shida daga cikin taran suka ruguje tun allura ba ta kai rabin inda ake so ba. Na haɗa ashirin da bakwai na raba. Matsakaicin ya faɗo ƙasa da abin da ake yarda a yi gini da shi.

Washegari na miƙa wa Pindar takardar. Ya karanta, ya cire gilashi.

"Haba Baba! Waɗancan ai ba su bugu da kyau ba ne. Ko a littafi ana cire wanda ya kauce."

"Ana cire ɗaya, bayan an gwada, a faɗi dalili. Kai ka cire sha biyu da ƙusa. Maginin da zai ɗora su a kan 'ya'yan mutane, shi ma ƙwanƙwasawa zai yi?"

"Alhamis zan kare aikin nan a gaban malamai."

"Kare wannan. Ka gano toka ta yi yawa, shi ma sakamako ne."

Ya ninke takardar ya bar ta a kan injin. Daga baya na ji Daktan ya sa hannu a kan sha takwas ɗin da kansa.

Na zuba ɓaraguzan a leda na hau keke napep zuwa Ajilari. Wilson dattijo ne mai fara'a, ya ba ni kujera da ruwan sanyi. A bayansa bulo ne jere har bakin katanga, duk masu launin toka. Ashe bai ma jira sakamakon ba.

Na ba shi takardar, na ɗora masa ɓaraguzai a tafin hannu. Ya murza da yatsa biyu, suka zama gari. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, Allah ya saka maka. Jikata Peace a makarantar nan take. Wallahi ko ɗaya ba zai shiga ginin ba."

Na ji sanyi a raina. Na tambaye shi yaushe zai farfasa su.

"A farfasa?" Ya yi dariya yana karkaɗe hannu. "Akwai mai gina ɗakunan haya a unguwar Dala, jibi zai turo mota ya kwashe su."

Na tambayi sunan mutumin. Ya ce ruwan ya ishe ni ko a ƙaro.

Na ajiye masa kofinsa, na ɗauki ledata. A bakin titi na tsayar da keke na ce Dala. Mai keken ya ce wane layi. Na ce mu bi su duka, duk inda ya ga an zuba yashi ya tsaya.