Takardun Hussaini na Gagarawa

A daminar 1977 magana ta karaɗe kasuwar Maigatari cewa Hussaini ɗan Cindo na Gagarawa, wanda aka tura Turai karatun kimiyya, ya zo hutu da taɓin hankali. Wai hira yake da wani abu da ba a gani, mai mutuwa kafin ƙiftawar ido. Malama Adda ta ji a bakin mai manshanu, ranta ya ɓaci. Ita ta koya masa lissafi a Gumel kafin ta ajiye aiki, ta kuma san mutanenta da saurin haukata duk wanda ya fi ƙarfin fahimtarsu. Washegari ta hau motar Gagarawa.

Ta tarar da shi a soro, an sa masa mari a ƙafa. Baffansa Ɗantsoho, mai haƙar rijiya, yana gadin ƙofa.

"Malama, ki sa baki," in ji Hussaini. "Sun ƙwace akwatin takarduna. Awon shekara uku ne, ba ni da wani kwafi, kuma wata mai zuwa zan miƙa aikin."

"Tsaya tukuna. Me kake aunawa? Faɗa mini kamar a aji."

"Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, wasu ƙananan ƙwayoyi na kewaya ta. Mukan sa wata ƙwaya mai nauyi da ake kira kayon, mai mutuwa kafin ƙiftawar ido, a gurbin ɗayarsu. Sai ta dinga gangarowa mataki-mataki, kowane mataki tana fitar da haske irin na hoton asibiti. Idan ta kusa cibiya, ƙarfin da ke tsakaninsu yakan gusar da matakin daga inda lissafi ya nuna. Da wannan gushewar muke gane ƙarfin."

"To kin ji da kunnenki," in ji Ɗantsoho. "Kullum haka."

"Na ji, Malam Ɗantsoho. Kai da kake jefa tsakuwa a rijiya ka san zurfinta da kunne, wa ya taɓa ɗaure ka?"

Duk da haka ba ta yarda da bakin yaron kawai ba. Ta sa ya faɗi lambobin da ya tuna, ta rubuta a bayan ambulan. Bayan la'asar ta sake tambayarsa daga ƙasa zuwa sama, ta cusa ƙarya guda da gangan. Nan take ya gyara mata.

"A cire masa marin nan, a kawo akwatin," in ji ta.

Ɗantsoho ya sunkuyar da kai. Ya ce mai maganin da suka ɗauko daga Sule Tankarkar ya tabbatar musu aljanin a cikin rubutun yake zaune, don haka kowace safiya ake damƙo takardu a zuba a kaskon wuta da saiwoyi, a lulluɓe yaron da bargo ya shaƙa.

Aka kawo akwatin, ta buɗe.

Hussaini lafiyarsa ƙalau. Kwana tara aka yi ana masa turare da takardunsa, saura shafi huɗu.