Ranar da Na Toshe Ƙofar Ɗana

Ni magini ne, shekara talatin da ɗaya ina ɗora bulo kan bulo. Gidan da nake ciki da hannuna na gina shi. Da babban ɗana ya yi aure na yanka masa ɓangare, na ja katanga tsakanin tsakar gidana da tasa, na bar ƙofa a tsakiya ba ƙyaure. Ta nan uwarsa ke shiga wajen surukarta sau goma a rana, ta nan shi ma yake leƙowa ya gaishe ni kafin ya tafi shagon magani inda yake aiki. Saboda aikin nan ne ƙannensa ke ce masa Likita, har sunan ya bi shi.

Ranar Lahadi bayan coci muna cin abinci tare. Na yi addu'a, na rufe kamar kullum da sunan Yesu, Ubangijinmu da Allahnmu. Kowa ya ce amin, ban da Likita. Kunnena ya saba da ƙarar injin kwaɓa siminti, amma amin ɗin ɗana na san shi.

Na ce, "Kai, maƙogwaronka ne ya toshe?"

Ya sunkuyar da kai. Wai akwai wasu masu wa'azi da ke yawo da jaka da ƙananan takardu da suke zuwa shagonsu, wata uku yana zama da su. Wai sun nuna masa wuraren da Yesu ya yi addu'a, ya ji yunwa, ya gaji ya yi barci. "Baba, in shi Allah ne, wa yake roƙo? Ban ce ba shi ba ne. Na ce ban tabbata ba, kuma ba zan ce amin a kan abin da ban tabbata ba."

Na ture kwanon. Na ce ya ɗauki matarsa su koma ɓangarensu.

Litinin na je aiki na kasa tsayawa wuri ɗaya. Na yi wa leburori tsawa a kan abin da ba su yi ba. Talata na je gidan fasto, aka ce ya yi tafiya sai ƙarshen mako. Na dawo na zauna, na tashi, na zagaya gidan, na sake zama. Duk inda na juya ƙofar nan nake gani. Laraba da safe na ce yau ba ni zuwa aiki, a gida aikina yake.

Ragowar bulo da yashi na ginin ɓangaren Likita suna nan jibge a tsakar gidansa. Na ɗauki buhun siminti a kafaɗa, da shebur, da cokalin gini, na tsallaka can na fara kwaɓi. Matata ta fito da tsintsiya a hannu ta tsaya daga ɓangarenmu.

"Maigida, me za a gina?"

"Ƙofa za a rufe."

"Wace ƙofa?"

"Wadda kike tsaye a bakinta. Matsa."

Ba ta matsa ba sai da na shimfiɗa kwaɓi kusa da yatsun ƙafarta. Ta ce, "Yarinyar nan cikin wata bakwai gare ta. In abu ya taso mata ina zan bi?"

"Ki zagaya ta titi."

"Da gwiwar nan tawa? Kai dai Allah ya shirye ka. Ɗanka ya yi tambaya, kai kuma ka kawo siminti."

Ban kula ta ba. Bulo biyu da rabi ke cika faɗin ƙofar. Na ɗora layi na farko, na biyu, na uku. Ina ɗorawa ina magana da kaina. Ni da na ɗauki yaron nan a wuya zuwa coci tun bai san hagu da dama ba. Ni da ban iya karanta Littafi Mai Tsarki da sauri ba, sai uwarsa ta karanta ina haddacewa, don kada ya tambaye ni in rasa abin cewa. Yau wasu masu jaka sun zo sun kwance mini aiki cikin wata uku.

A layi na biyar matata ta zama kai da kafaɗu kawai. A na bakwai sai ɗankwalinta nake gani. Na tsaya in share gumi, sai na ji tana dariya ta bayan bulo, irin dariyar da ke zuwa bayan kuka.

"Me ya ba ki dariya?"

"Maigida, kai yanzu a gidan wa kake?"

Na duba. Igiyar shanyar surukata a bayana, randar ruwanta a gefena. Kowane magini ya san wajen da kayan aiki suke nan ake tsayawa, ni ma nan na tsaya, ban yi tunanin komai ba. Na rufe kaina a gidan ɗana. Tsakar gidan ba ta da wata mafita sai ta falonsa. In na hau katangar, ɗanyen gini ne, zai zube da ni.

"Miƙo mini tsani."

"Ka ba maƙwabci aro tun watan jiya. Ka zagaya ta titi."

Na yi tsaye da cokali a hannu kamar ɓarawon da gari ya waye masa. Sai ga surukata ta fito da kofin ruwa, tana tafiya a hankali saboda cikin. Ta durƙusa da ƙyar.

"Baba, sannu da aiki."

Sannu da aiki! Ina toshe mata hanya tana yi mini sannu. Na ce ta tashi kada ta ji ciwo. Na karɓi ruwan na shanye, don ƙishi ba ya jin fushi.

Likita bai je shago ba ashe. Yana tsaye a ƙofar falo, idonsa ja. Tunda dole ta gabansa zan wuce, na ce bari in ba shi abin da nake da shi.

Na ce, "Kai mai karatu, ka san Toma?"

"Na san shi, Baba."

"Shi ma haka ya yi taurin kai. Aka ce masa Yesu ya tashi, ya ce sai ya sa yatsa a gurbin ƙusa. Da Yesu ya zo ya nuna masa hannu, me ya kira shi? Ubangijinsa da Allahnsa. Yesu ya ce masa ya yi shiru? Ya ce masa ya yi saɓo? Bai ce ba. Ya karɓa. Masu jakarka sun karanta maka wannan?"

"Sun karanta. Suna da nasu bayanin. Ni ma wurin nan ne ya hana ni barci, Baba, shi ya sa ban bi su ba har yanzu." Sannan ya ce, "Amma in tambaye ka. Daga ranar da Toma ya ce bai yarda ba zuwa ranar da Yesu ya zo, kwana nawa?"

"Takwas." Wannan na haddace.

"A kwana takwas ɗin nan, ina Toma yake zaune?"

Na san amsar, uwarsa ta karanta mini ita ya fi sau ashirin. Toma yana tare da sauran almajiran, a ɗaki ɗaya. Mutum goma sun ga Ubangiji da idonsu, ɗaya ya ce musu bai yarda ba, kuma mako guda suna ci suna sha da shi. Ba wanda ya ce ya kwashe kayansa. Da sun kore shi, da ranar da Yesu ya dawo ba ya nan.

Daga bayan bulo matata ta ce, "Ka ba shi amsa mana, malamin Littafi."

"Ke, ba da ke ake ba."

Na koma na dubi ginin. Siminti ba ya jiran mutum ya gama tunani. In ya kai la'asar sai da guduma. Na sa cokali a ƙarƙashin bulon sama na ɗaga, ya taso da sauƙi. Na miƙa wa Likita ba tare da na dube shi ba. Ya karɓa ya ajiye. Haka muka yi ta yi, ina cirewa yana jerawa. Layin ƙasa ya riga ya fara kamawa, sai da na buga shi da ƙafa.

Da hanya ta buɗe matata ta tsallako da tsintsiyarta, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta kama hannun surukarta suka shige ɗaki.

Na ce wa Likita, "Kada ka ɗauka na yarda da maganarka. Yesu Allah ne, a kan haka zan mutu."

"Na sani, Baba."

"Lahadi za ka zo ka ci abinci. In na yi addu'a, ka ce amin ko kada ka ce, amma a kujerarka za ka zauna."

Ya zo. Bai ce ba. Kwana takwas irin na Toma suka wuce, ina ƙirgawa da yatsu a bakin aiki, bai canza ba. Yau mako bakwai ke nan. Wani lokaci bayan an kwashe kwanuka yakan buɗe Littafin ya yi mini tambayar da ta fi ƙarfina, in ce ya bari sai na yi tunani, in yi kwana biyu ina juya ta a kan katakon gini. Fasto ya ce in yi haƙuri in yi ta addu'a. Addu'ar ina yi. Haƙurin ne ban iya ba, koyo nake.

Gobe Lahadi. Na ce wa uwar Likita ta ƙara hannu a tukunya, surukata ta kusa, ci take kamar mutum biyu.