Ƙirjin Bushu'aib da Ƙurar Fulawa

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo mu saurara.

…wata goma sha ɗaya fa, Rakiya. Wata goma sha ɗaya tanderun unguwa na kulle, ni ina zaune gidan 'yarmu a bakin teku kamar tsohon kwalekwale. Ban taɓa fulawa ba, ban shaƙi ƙurarta ba. Tari ya tafi. Har bene nake hawa ban tsaya ba. Na ce to, ni da fulawa mun shirya ke nan. Da kina raye da kin ce, "Bushu'aib, alfadarin birnin Fas ma ya fi ka jin magana."

Yau na buɗe. Hantsi bai gama ɗagawa ba — ga shi nan. Wannan fito a ƙirji, kamar an kulle 'yar kyanwa a ciki.

Likitar nan… yarinya ce, ba ta kai Gizlan ɗinmu ba. Ta ce, "Kawu, a huhunka akwai ƙwayoyin tsaro masu riƙo. Ranar da suka fara faɗa da fulawa, sai suka naɗe gefen wani shafi a littafin halittarsu. Rubutun bai canja ba, amma littafin a nan yake buɗewa da kansa. In sun hayayyafa, 'ya'yan ma da shafin a naɗe suke zuwa." Kamar Alƙur'anin mahaifina, ko ta ina ka kama shi, Yasin.

Na ce, "'Yata, ai gaba ba ta wuce kwana uku a Musulunci." Ta yi dariya. Wai magani lallashi yake yi, ba ya gogewa. Na ɗauka zancen 'yan boko ne. Wa zai riƙe mutum kusan shekara, bayan ka bar masa gari?

Faranti goma sha huɗu a kan benci, kwaɓin burodin da gidaje suka kawo gashi. Ba suna, ba takarda, ba a taɓa yi ba. Yatsa uku a tsakiyar kwaɓi, gidan Sahrawi. Tsaga biyu da wuƙa, matar liman. Mai riɗi a gefe ɗaya… wannan naki ne a da, yanzu ba mai yi. Shekara arba'in ban taɓa ba wani gida burodin wani ba. Wa zan koya wa wannan? A ina ake rubuta shi?

Ga Lalla Mbarka ta shigo, faranti a ka, gwiwa na ƙara. "Mu'allim, kai ne ko fatalwarka? Wancan mai tanderun bakin kasuwa burodin surukata ya ba ni, gishiri kamar teku! Ka sake tafiya, Allah ya isa." Na yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi…

Ina abin shaƙar maganin? Aljihun jallabiya. Ɗaya… biyu. Likitar ta ce in na yi huɗu bai saki ba, kada in jira kowa, asibiti. Na nawa ke nan? Na uku ne, ko…

Wuta ta yi daidai, Rakiya, irin yadda ake so. Kwaɓi ya tashi, shi ba ruwansa da ƙirjin kowa. Mata sun taru a bakin ƙofa, sun daina hira, bakina suke kallo. Ku kwashe — abin da zan ce ke nan. Kalma biyu. Ku kai wani wuri, kada ku kawo gobe, kada ku kawo jibi…

Iskar da zan faɗe su ma babu. Bari in ɗan jingina da bango tukuna. Da ɗumi.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan ɗan ɓera.