Ruwan Rijiyar Ɗangiwa

A Tungar Na'iya, can bayan Kebbe, rijiya ɗaya ce ba ta ƙafewa, kuma Alhaji Ɗangiwa ne ya haƙa ta sadaka. Shi ne dai mai sayar da maganin feshi a garin. Idan damina ta kankama, masu yi masa aiki sukan dawo daga gona da famfunan feshi goye a baya, su zube a bakin rijiyar su wanke, su ɗauraye jarkokin maganin, ruwan ya malala ya koma inda ya fito. Kowa na gani, ba mai cewa uffan. Wa zai sha ruwan Alhaji kyauta sannan ya tsaya koya masa inda ake wanki?

Nasiha, 'yar Armaya'u dillalin hatsi, ita ta fara magana. Tana sakandaren kwana a Tambuwal, aka zaɓe ta cikin ɗaliban da za su yi dogon hutu a wata jami'a a Sakkwato, a ɗakin gwajin sinadarai, kowa ya zo da abin da yake son bincikawa. Ita ta ce ruwan garinsu za ta gwada, domin awaki sun mutu bayan sun sha a kwamin rijiyar, yara kuma ga amai ga zawo. Ta faɗa wa uwarta Rauda, Rauda ta faɗa wa maƙwabciya, kafin yarinyar ta hau mota magana ta isa ƙofar mai gari. Mai gari ba ya son alhakin kowa a wuyansa. Ya sa aka rufe rijiyar da kwanon rufi aka danne da duwatsu, ya ce sai abin da jami'a ta faɗa.

Daga ranar mata suka koma ɗiba a fadama, tafiya mai nisa cikin caɓi, kuma duk wadda santsi ya kwashe sunan Nasiha take kira. Ɗangiwa ya daina amsa gaisuwar Armaya'u. Kowa ya san yadda zancen ya tsaya: in an ga guba, rijiya ta rufu ke nan har a gyara ta, in ba a gani ba, a buɗe, yarinya ta zama maƙaryaciya. Armaya'u bai damu ba. Ya sha jin warin abin a ruwan alwala, ya san 'yarsa ba ƙarya take ba.

Da ta yi mako a can sai ta aiko da kwalabe, ta kira shi a waya.

"Baba, ka cika su har baki. Kada a tace, kada a sa alif. Yadda shike haka nika son shi."

"To, likita, na ji. Ya mutanen wurin? Suna riƙe ki da kyau?"

"Lahiya lau. Sai dai 'yan ɗakinmu, ba su kirana da sunana. 'Yar Kebbe suka ce min. Jiya wata tat tambaye ni wai ko muna cin abinci da cokali."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Armaya'u ya yi fatauci har Ikko da Badun, ya san irin kallon da mutumin birni ke yi wa takalmin baƙauye kafin ya kalli fuskarsa.

Da safe ya ɗaga kwanon ya zura guga. Ruwan ya fito ja-ja, da ɗan maiƙo a sama. Ya cika kwalaben yadda ta ce, ya ɗaure su a bayan babur ya kama hanyar Tambuwal, nan ya hau nan ya tura, har ya isa tasha da laka zuwa gwiwa. Direban da zai kai saƙon shi ne Ɗan'iya, taubashinsa, mutumin da bai taɓa barin baki ya huta ba. Ɗan'iya ya zaro kwalba ɗaya ya ɗaga ta a rana.

"Kai, jama'a ku zo ku gani! Armaya'u, kunun tsamiya zaka kai ma 'yan boko? Ina ƙosan?"

"Aje min kaya, ɗan banza. Ruwa na."

"Ruwa? Wanga? To wallahi yau na gane abin da yas sa haƙoranku duk launi guda."

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Wata mata mai tabarau a kujerar gaba ba ta yi dariya ba, kuma nata ya fi ciwo. Ta leƙo ta ce, "Subhanallahi. Wannan mutane suke sha?" Ta ja gyale ta rufe hanci.

Armaya'u ya karɓi kayansa ya ce yana zuwa. Ya zagaya bayan rumfar mai shayi ya tsuguna. Abin da yake gani a ransa shi ne Nasiha tana kwance wannan ƙulli a gaban 'yan matan nan masu zancen cokali. A gidansu tun yana yaro ba a aika abu birni yadda yake. In gero ne a sheƙe, in wake ne a tsince, in man shanu ne a wanke shi har ya yi fari. Yau shi ne zai aika wa malaman jami'a dattin garinsu da sunan 'yarsa a jiki?

Ba wai zai ɓoye gubar ba ne. Ya san maganin feshi sarai: murfi ɗaya ake zubawa a cike famfo da ruwa, kuma ya ƙone ciyawar gona guda. Abin da ke da wannan ƙarfi ai ko ɗigo ya isa shaida, balle ga mutanen da ke da na'ura. Ya sayi ruwan leda. Ya tsiyaye kowace kwalba ya bar kamar gaɓar yatsa a gindi, ya cike sauran, ya girgiza. Ruwa ya yi garau, sai ɗan duhu kaɗan. Ya ji daɗin dabararsa har ya saya wa Ɗan'iya goro.

Da yamma ta kira. "Sun iso, Baba. Amma ya yi haske ƙwarai."

"To ba rufe take ba? Ba mai motsa ta, ta kwanta."

"Haka na," in ji ta. Ba ta taɓa kama ubanta da ƙarya ba, saboda haka ba ta san kamanninta a bakinsa ba.

Ana gab da gama hutun ta sake kira, muryarta a sanyaye. Yana kasuwar Jabo a lokacin, ya toshe kunne ɗaya don hayaniya.

"Baba, sakamako ya hito. Akwai alamar maganin, amma kaɗan na ƙwarai. Bai kai ya cuci kowa ba."

"Yo ba an gan shi ba? Ai shi ke nan."

"Ba ganin shi aka nema ba, Baba. Yawanshi aka aunawa. Nawa na cikin kwalba guda, shi na aikin duka."

Armaya'u ya nemi buhu ya zauna. Ya ce, ko a sake aiko wani? Ta ce an rufe karɓa, na'urar ma ta koma hannun manyan ɗalibai, jibi kowa zai tafi gida. Ta ƙara da cewa malaminsu ya yabe ta a gaban kowa, wai ta zo da zato, gwaji ya ƙaryata ta, kuma ta faɗi gaskiya ba ta murɗa ba. Ya buɗe baki zai faɗa mata abin da ya yi wa ruwan. Sai wani ya taɓa shi yana tambayar kuɗin dawa, ya ce mata sai ta dawo.

Ranar Juma'a bayan an sauko, mai gari ya tara mutane a ƙofar gidansa. Aka kira Nasiha, ta durƙusa gefe ta faɗi abin da aka samu, ba ta rage ba ta ƙara ba. Ɗangiwa ya gyara zaman babbar riga.

"Ni ban riƙe ta da komi ba," ya ce. "Yarinya ta. Boko na, in ya shiga kan yaro sai ya ga aljani cikin randa. Allah dai shi ba matanmu ladar wahalar da sunka sha."

Aka ce amin da ƙarfi. A nan Armaya'u ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, kada a buɗe rijiyag ga. Ruwan da anka gwada ba nata ba na. Ni na surka shi da ruwan leda a Tambuwal, don kada a yi ma yarinya dariya."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, saura suka bi. Ɗangiwa har da share ƙwalla.

"Allah sarki, uba! Armaya'u, ko ni na haka zan yi, in rufa ma ɗiyata asiri. Amma ka nemo wadda ta fi wagga. Mutum shi tura babur tun daga nan har Tambuwal don shi kai ruwan leda Sakkwato?"

"Wallahi tallahi..."

"Bar rantsuwa," in ji mai gari. "Ku kunka ce a jira jami'a. Mun jira, mata sun wahala. Yanzu jami'a ta yi magana, kai kuma ka ce a bi taka. Gobe in ta sake hitowa ba yadda kaka so ba, mi zaka ce ka zuba?" Ya juya ga matasa. "Ku ɗauke duwatsun."

A duk taron mutum ɗaya ce ta yarda da shi, kuma ita ce bai so ta ji a nan ba. Suka kamo hanyar gida, tana bayansa kamar yadda ta saba. Sai da suka wuce masallaci ta yi magana.

"Baba, kamar yaya ka bari a ciki?"

Bai juyo ba. Ya ɗaga hannu ya nuna mata gaɓar yatsa.

Ya san lissafi take.

"In ɗan wannan ya nuna abin da munka gani," ta ce a hankali, "to wanda ke cikin rijiyar ya wuce abin da mutum ka sha nesa ba kusa ba."

"Ni da kaina zan kai musu wani. Gobe-goben nan."

"Wa zaka ba? An rufe sai baɗi. Kuma ba a ɗaukar ɗaliba sau biyu." Muryarta ta karye. "Sun tafa min, Baba. Na tsaya gaban mutane sun tafa min."

Kafin su isa gida labari ya riga su. Mata sun fito da bokitai da jarkoki ana guɗa, wata ta ce wa Nasiha, "Sannu likita, a ba mu hanya." Rauda, wadda bayanta ya ƙage da jigilar fadama, tana cikin na farko, har ta juye bokiti a randa. Ta ga mijinta ya zube a kan tabarma, ta ɗebo a moɗa ta durƙusa ta miƙa masa.

"Zubar da shi, Rauda."

"In zubar? To wa zai koma fadama, kai? Ba jami'ar taku ta ce lahiya lau na ba?"

Nasiha ta wuce ɗaki. Ta cire hijabin Juma'a ta sa na aiki, ta ɗauki jarka ta fice, ita kaɗai ta nufi fadama, tana ratsa matan da ke tururuwa zuwa rijiya. Armaya'u ya bi ta da ido, moɗa a hannunsa. A bayansa ya ji an buɗe murfin randa. Ƙannen Nasiha ne suka shigo daga wasa da ƙishirwa, suna rigimar wanda zai fara sha.