Laddun Mijin Kulu

Shekara tara da dawowata daga yaƙin Boma, amma a Tudun Wada ba mai kirana Kofur Isiyaku. Mijin Kulu mai ƙosai ake ce min. Har wasiƙa ta taɓa isowa da wannan sunan, kuma ba ta ɓata hanya ba.

Abin da na samo a Indiya, ban da ciwon gwiwa, shi ne laddu. Kayan zaƙi ne: a niƙa wake, a ɗiɗɗiga ƙullun a mai, a jiƙa a ruwan sukari, a dunƙule kamar fura. Na ga ana yi a barikinmu ranar sallarsu ta fitilu. Gani kawai na yi, amma hakan bai hana ni gaya wa Mista Hirani, Ba'indiyen nan mai kantin yadi a Sabon Gari, cewa ni gwani ne ba. Ya ce in kawo tire guda ranar sallar. In ya yi daɗi, 'yan uwansa duka ni za su nema. Na ce to, ga sana'a, ga suna nawa na kaina.

Kulu ta saurara har na gama.

"Wake da sukari, Malam? Ashe a can an buge ka a ka, ba ka faɗa mana ba."

Kwana uku ina gwaji a tsakar gida. Na farko ya fito kamar tsakuwa. Na biyu ya ƙi dunƙuluwa, akuyar maƙwabta ta shinshina ta wuce abinta. Na uku ya yi kama da abin da na tuna, ko kuma dai na gaji.

Ranar sallar na tashi da mura, sukari kuma ya ƙare. Na ce wa Kulu ta niƙa min waken kafin in sayo sukari a shagon Polycarp in dawo. Na tarar da ƙullu ya yi ja-ja, na yi murna, don na Indiya ma haka launinsa yake. Na soya, na jiƙa, na dunƙule. Ban ɗanɗana ba. Gwani ba ya ɗanɗanawa. Kulu ta soya sauran ƙullun irin nata, ta ƙunshe min a takarda wai in ci a hanya.

Mista Hirani ya gatsa ɗaya. Idonsa ya kawo ruwa. Na ɗauka gida ya tuna.

"Kofur," ya ce yana tari, "albasa? Barkono?"

Matarsa ba ta ko kalli tiren ba. Aljihuna take kallo, inda mai ya fito a jikin rigata. Na miƙa mata ƙunshin don kunya. Ta ci ɗaya, ta ci na biyu, ta yi wa mijin magana da yarensu.

"Wa ya yi wannan?" in ji Mista Hirani.

"Iyalina."

"Ta kawo mana tire biyu kafin la'asar. Wancan kuwa ka tafi da shi."

A gida na gaya wa Kulu yadda aka yi, na tsaya a kanta ina huci.

"Wa ya ce ki sa tattasai da albasa?"

"Wake ka ce in niƙa. Shekara ashirin ina niƙa wake, ban taɓa niƙa shi tsirara ba." Ta hura wuta. "Tire biyu ka ce? To miƙo man suyar, Kofur."

Ni na kai da la'asar. Mista Hirani na hango ni ya leƙa ciki ya kira matarsa da Hausarsa mai gargada: "Ga mijin Kulu ya zo!"