Haƙorin Ladan Gwadabe

"Na ce ba zan je ba, Maharazu. Ko dole ne?"

"Dole ne mana, Malam. Ka ga fuskarka kuwa yau?"

Malam Gwadabe ya kau da kai. A dakalin ƙofar gidansa suke zaune, a Kibiya. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Maharazu. Malam ne ladanin masallacin unguwa tun kafin a ɗaura lasifika a kan rufin. Maharazu kuwa direba ne, yana jan bas daga Kibiya zuwa Kano ta Rano. Kuncin Malam na hagu ya tasa, can ƙasa wajen haɓa, fatar wurin tana sheƙi.

"Ga mota nan, kujerar gaba taka ce. Likitan haƙori ya duba. In na cirewa ne ya cire."

"Ya cire! Irin yadda aka cire wa Ishiyaku mahauci, yanzu ko sallama ya yi sai ka ji fito? Ni da bakina nake aiki. Ladan mai giɓi, yana kiran salla yara na dariya. Kuma ma ciwon ya daina."

"Ya daina?"

"Tun ranar kasuwa. Ai kana wurin."

Yana wurin kuwa. Wani baƙon mai magani ne ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, ya gasa ƙarfe har ya yi ja, ya barbaɗa masa wasu 'ya'yan itace. Malam ya kafa baki a mazurari, hayaƙi ya shiga. Da aka ɗaga, sai ga wasu fararen abubuwa kamar guntayen zare suna yawo a kwanon ruwa. Mai magani ya ce tsutsotsin da ke cin haƙorin ke nan. Jama'a suka yi kabbara. Maharazu ma ya yi.

"To kumburin fa?"

"Dafin tsutsa ne yake fita." Malam ya dube shi da ido ɗaya. "Kai mai yi mini wa'azi, tun kafin zaɓe kake tauna goro da ɓangare guda. Kullum kana Kano. Ka taɓa kai naka bakin an duba?"

Gaskiya ne. Maharazu yana da wani haƙori can ciki, na dama, da ko ruwan randa ya taɓa sai ya ji har ƙwaƙwalwa. Kullum yana wuce allon asibitin haƙori in ya shiga gari, kullum yana cewa sai an samu sarari. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi tasha.

Unguwa ta fara jin abin ne ta lasifika. Muryar Malam Gwadabe siririya ce, mai tafiya, har masu noman albasa a fadama suna ajiye fartanya da ita. Sai ta fara kauri. Haruffan suka riƙa haɗewa, kamar mai magana da loma a baki. Mata a cikin gidaje suka soma ɗaga kai daga turmi suna saurare.

Kulu, matar Malam, ta leƙo ta katanga tana tambayar Lami, matar Maharazu, ko da sauran gasara.

"Tuwo ba ya wucewa," in ji ta. "Kunun ma sai na tsinka shi kamar ruwa. Kuma ba ya kwanciya, Lami. A zaune yake barci, ya jingina da bango."

"Ba ya kukan ciwo?"

"Ko kaɗan. Shi ne ma abin da yake ba ni tsoro."

Ranar Laraba Maharazu ya dawo da wuri. Yana alwala a ƙofar gida aka fara kiran magariba. Kabbara ta fito da ƙyar. Shahada ta biyo, a jiƙe. Aka zo "Hayya alas-salah", sai lasifikar ta ɗauki wani dogon jan numfashi, unguwa duka ta ji shi. Sai shiru. Maharazu ya tsaya da buta a hannu, ruwa na zuba a ƙafarsa. Can liman da kansa ya karɓa ya ƙarasa.

Da gari ya waye bai nemi shawarar kowa ba. Ya yi sallama ya shiga har ɗaki. Wani wari ne ya fara tarbarsa. Malam na zaune a tabarma, ya miƙe wuya gaba, tsumma a hannu yana tare yawu. Haɓa da wuya sun zama abu guda, tauri kamar itace. Bakin bai fi shigar yatsa ba, harshe ya taso ya cika shi.

"Malam, yau ba tambaya na zo yi ba."

Malam ya ɗaga hannu, ba a san ko ƙi ne ko yarda ba. Maharazu ya ciccibe shi ya sa a mota. Kulu ta biyo da mayafi a karkace, ta shiga baya.

A asibiti a Rano wani ma'aikaci ya haska bakin da tocila, ya taɓa wuyan, ya ja Maharazu gefe.

"Kano za ku, yanzu. Ruɓar ta bar haƙorin ta sauka wuya, tana toshe masa hanyar iska."

"Amma ya ce ciwon ya daina."

"Jijiyar ce ta mutu, shi ya sa. Daga nan abin yake yin ƙasa. Da tun yana ɗan rami aka duba, cikewa kawai za a yi, ba ma sai an cire ba. Ku tafi, kada ku tsaya."

Maharazu ya taka mota. Bai taɓa gudu irin na ranar ba. A gefensa numfashin Malam yana fita da wani siririn fito, yana shiga da ƙyar. Ya ƙi kallonsa. Ya sa ido a kwalta, yana bin fiton da kunne, yana kauce wa ramuka. Kafin su kai Bunkure ya lura babu abin da yake ji sai ƙarar inji.

Kulu ce ta fara salati.

Maharazu ya sauka gefen hanya. Sannan ya juya kan motar zuwa gida, a hankali.

Kafin la'asar an kai Malam makwancinsa. Aka dawo aka zauna a tabarmi a ƙofar gida, kusa da dakalin. Ishiyaku mahauci ya zo gaisuwa, yana ta addu'a da giɓinsa, ba wanda ya yi dariya.

Da rana ta yi sanyi Maharazu ya shiga gida, ƙura har gwiwa. Lami ta ɗebo masa ruwa a randa. Ya kafa kai ya sha, yana jiran zugin nan da ya saba. Ya sha har ya ga gindin kofin. Bai ji komai ba. Ya kai harshe can ciki, na dama, ya danna ramin. Shiru.

A waje lasifika ta yi ƙara, wata baƙuwar murya ta fara kiran magariba.

Lami tana tsaye tana kallonsa, hannunta a miƙe don karɓar kofin.

"Yau ba ka yamutsa fuska ba," in ji ta. "Naka ma ya daina ciwon ne?"