Haƙorin Kawu Ɗangana

Karne, ɗan littafin shaidar tsohon soja. Kanumfari a ƙullin tsumma. Goro biyar. 'Yar akuya. Kawu Ɗangana bisa jaki, kuncinsa na hagu kamar an cusa masa gauta. Haka muka kama hanyar Gangara ranar kasuwa, daminar farko bayan an sauke tutar Faransa.

Ni ban so tafiyar ba. Shekara huɗu na yi a lakol, makarantar aikin asibiti, a Dakar, na san haƙƙin da karnen ya ba shi. A dispanse, ɗakin shan magani na gwamnati, za a cire masa haƙorin da allura, ko dala ba zai biya ba. Ya ce ya sani. Amma can a daro guda suke jefa haƙoran mutane, a zubar. Shi da ya je yaƙin Nasara ya komo bai bar ko farce ba, ba zai shiga kabari da giɓin da bai san inda cikonsa yake ba. Maikuɗi wanzami akuya yake karɓa, amma yana mayar wa mutum abinsa.

Bukkar Maikuɗi tana bayan kasuwa. Tsoho ne tukuf, ya haura tamanin. Da ka ya amsa gaisuwarmu, leɓɓansa a rufe. Ya sa awartaki, ya murɗa, ya zare. Na ga abin da ya fito: matauni na ƙasa, saiwa biyu, jawur da goro, da tsaga a gefe. Ya juya mana baya wai zai wanke, sannan ya miƙo shi naɗe a ganye.

A bakin rijiya Kawu ya sauka kurkure baki. Na buɗe ganyen. Matauni na sama ne, saiwa uku, fari tas.

Na koma ni kaɗai. Maikuɗi na zaune inda muka bar shi, akuyar ta lafe a jikin zana, ta ƙi ko kuka. Na ce masa wannan ba na kawuna ba ne.

"Ɗan lakol," ya ce, "kai ne na farko da ya ƙirga saiwa."

Ya yi murmushi. Bakinsa cike, ba giɓi ko ɗaya, kuma ba haƙori biyu masu launi ɗaya. Can ciki, ƙasa, hagu, ga wani ja mai tsaga, dasashin gindinsa na tsattsafo da jini.

A gida Kawu ya zuba haƙorin cikin 'yar jakar fata, inda biyu suke kwance tun bara, su ma daga hannun Maikuɗi. Ya yi hamdala. Ya ce haƙorin da ke kusa da gurbin ma ya fara motsi, sai a ware wata akuya.

Ban gaya masa abin da na gani ba. Na tashi na tura ƙyauren ɗakin, na sa sakata.

"Kawu, wannan a dispanse za a cire shi. Ni zan riƙe awartakin, kuma daga bakinka sai tafin hannunka."